Duk Karcen a Gefen Hagu Yake

Kafin wani a cikinku ya fara tausayina, bari in faɗi halina da bakina: ina da zuciya. Ba irin ta masu ihu ba, irin ta masu shiru, wadda in na ɗauke kai daga mutum sai dai ya ji labarina a bakin wasu. Wannan halin ne ya kai ni filin wani dillalin motoci ranar Asabar, kuma shi ya sa nake rubuta muku wannan idona a kumbure.

Shekara uku ke nan ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti, ina tara abin da ya sauwaƙa don in sayi mota. Bas biyu nake hawa kafin in isa, ranar ruwa kuwa da jiƙaƙƙen takalmi nake wuni. Da tarin ya yi kauri, sai na ba wani dillali lambata na ce ya riƙa turo min hotunan masu sauƙi.

Ranar Laraba ina cikin liƙa sunaye a jikin kwalabe saƙonsa ya shigo.

"Hajiya, ga wata ta shigo. Ƙarama ce mai guntun baya, ƙofa uku, giyar hannu. Gudu ba a magana. Hannu ɗaya ta fito. Ta samari ce fa, na turo ne ki gani kawai."

Na buɗe hoton farko. Ja ce, ta kwanta ƙasa-ƙasa, da baƙaƙen ƙafafu. Na ce wa kaina jajayen motoci ai da yawa. Na buɗe na biyu. Na buɗe na uku, na cikin motar, sai ga ribom ɗina ruwan ɗorawa ɗaure a wuyan giya. Ni na ɗaura shi da hannuna.

Motarsa ce.

A gidanmu Mai Jar Mota ake ce masa, ni kuma Direba nake kiransa don tsokana. Mai zanen gine-gine ne, shekara biyu yana zuwa wajena, kowa ya san da maganarmu. Tun daga bakin layi ake jin salansar motar, Umma ta ce, "Auta, tashi, ga tsawarki nan ta iso." Ban taɓa ganin mutum mai son ƙarfe irinsa ba. Hankici na musamman yake ajiyewa a aljihun ƙofa, ko kashin tsuntsu ya gani sai ya tsaya ya goge. Ba a cin komai a ciki, ko biskit. Amma ni ya ba ni sitiyarin, ya koya min giyar hannu a filin bayan wata makaranta, ina kashe ta yana dafe ƙirji yana cewa, "A hankali da kuloci, ba shi ya ɓata miki rai ba."

Wata huɗu da suka wuce ya fara canzawa. Mutumin da yake cika min waya da rubutu ya koma saƙon murya, shi ma gajere. Ya daina zuwa da yamma, in ya zo da rana ne, a tsaitsaye. In na tambaya ya ce aiki. Rannan ina tsaye a ƙofar kantin magani, da shuɗin mayafin da shi ya saya min, ya fito a ƙafa ya wuce ta gabana, kusan kafaɗarsa ta taɓa tawa. Har na buɗe baki ina murmushi. Ko waiwaye bai yi ba. Na haɗiye, na ce wataƙila tunani ne ya yi masa yawa.

Bayan kwana tara ina tsakiyar titi ni da abokiyar aikina muna jiran tsallakawa, ya zo a hankali daidai inda nake, gilashinsa a sauke. Na ɗaga hannu. Ya wuce yana kallon gabansa. Abokiyar aikina ta ce, "A'a, ba naki ba ne wancan?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ina isa gida na rubuta masa, "Na gane. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Na toshe lambarsa ta ko'ina. Ya zo gida sau ɗaya, na ce a ce ba na nan, ina bayan labule ina jin muryarsa yana gaishe da Umma. Bai sake dawowa ba, ni kuma na ce ka gani, dama neman hanya yake.

To yanzu ga motar a kasuwa. Kun san abin da ya zo min a rai? Ba kewa ba, ko kuma kewar ce ta sa rigar mugunta. Na ce zan saye ta. Zan bi ta ƙofar ofishinsu kullum da safe in taka mai, salansar ta shiga har kan teburinsa. Ya ga abin da ya fi so a duniya a hannun wadda ya wulaƙanta.

Asabar da safe na samu Umma a falo ta miƙe ƙafa a kan ƙaramin tebur tana shafa wa gwiwarta man zafi. Yaya, babbar yayata, ta zo tun wuri tana ninke wanki a doguwar kujera. Na miƙa musu wayar.

Yaya ta kalla, ta ƙara kusanto da ita. "Ke! Wannan ba motar wancan ba ce?"

"Ita ce."

"Kin haukace?"

"Motar sayarwa ce, ni kuma mai saye."

Umma ta karɓi wayar ta nesanta da idonta. "Ina ƙofofin baya?"

"Ba ta da su, Umma. Gaba za ki riƙa zama."

"Ni da wannan gwiwar? Abin da sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga? In na shiga wa zai ciro ni?" Ta ajiye wayar a cinyarta. "Auta, ba mota kike son saye ba, ciwo kike son saye. Mutum ya bar ki, ki bar shi da tarkacensa mana."

Yaya ta ce, "Ga mutum kamili yana binki kamar zai yi kuka, ke kina bin tsohon ƙarfe."

Manaja take nufi, abokin aikin mijinta. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba shi da aibu. Mai natsuwa ne, yana gaishe da Umma har ƙasa, motarsa ƙofa huɗu ce mai sanyi. Wata biyu yana zuwa, ni kuma ina ba shi shayi da "to" da "Allah ya sa". Babu wanda ya ce dole, amma kullum sai na ji shekaruna ashirin da bakwai a bakin wani.

Umma ta rufe kwalbar man ta ce, "Ƙarfe biyar Manaja zai zo yau, ya ce amsa yake so, ya gaji da zaman shayi. Duk inda za ki ki dawo kafin nan. Kuma ba za ki je wajen dillalai ke kaɗai ba, ki biya ki ɗauki kawunki."

Na shiga ɗaki na sa doguwar rigata baƙa mai ɗinkin zare a wuya, na ɗauko jan mayafi, na zizara kwalli, na fesa turare kamar mai zuwa biki. Na kalli madubi na ce yau sai na huce.

Kawu ƙanin Umma ne, bakanike, shekara talatin yana ƙarƙashin motoci. Faratansa ba su taɓa yin fari ba. Yana da wata ɗabi'a da dillalai suka tsana: ba ya fara buɗe bonet. Sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin mota ya zagaye ta a hankali, yana shafawa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya ce inji kowa yana iya wanke shi ya yi ƙyalli, amma jiki ba ya ɓoye yadda aka riƙe shi.

Wajen uku da rabi muka isa. Fili ne mai tsakuwa, da rumfar kwano da benci, motoci jere da lambobi a gilashi. Tana can ƙarshe kusa da katanga. Ina hango ta na yi sauri na gyara mayafi don kada Kawu ya lura da fuskata.

Dillalin, wani gajere mai carbin makullai a yatsa, ya taho yana washe baki. "Hajiya da kanta! Ai na ce miki ta samari ce, amma in kin hau ba za ki sauka ba."

Kawu bai kula shi ba. Ya fara daga gefen fasinja, ya shafa tun daga fitila har baya. "Fentin kamfani," ya ce. "Ko ƙuda bai taɓa nan ba." Ya zagaya ta baya ya dawo gefen direba, sai hannunsa ya tsaya. Ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ya tsuguna ya kalli bamba, ya taɓa madubi, ya girgiza shi.

"An yi ciko a nan. Da nan. Da nan ma. Madubin nan ba nata ba ne, kuma ba shi ne na farko da aka canza ba, dubi ramukan kusoshin."

"Ƙananan abubuwa ne, Alhaji," in ji dillalin. "Ka san hanya."

"Na san hanya." Kawu ya buɗe bonet a ƙarshe, ya zaro sandar mai ya duba, ya sa aka tayar. Ƙarar nan ta cika filin. Ya saurara ya kai minti biyu, ya ce a kashe. Ya goge hannunsa ya matso kusa da ni.

"Auta, motar lafiyarta lau. Mai ita ne ba shi da lafiya."

"Kamar yaya, Kawu?"

"Wanda ya riƙe inji haka ba ɗan ganganci ba ne, ba kuma ɗan koyo ba. Ɗan koyo gefen fasinja yake gogewa, don can ne ba ya iya aunawa. Wannan duk karcen a gefensa yake, hagu, inda hannunsa zai iya taɓawa. Bakwai na ƙirga, kuma duk sababbi ne, ba su wuce wata biyar ba. Zo ki ga." Ya nuna min wani ɗan ƙaramin madubi zagayayye da aka manna a cikin gilashin gaba, can dama, an karkata shi. "Wannan hagu yake nunawa. Mutum ne yake ƙoƙarin ganin hagunsa da idon dama. Duk wanda yake tuƙa motar nan, idonsa na hagu ya tafi."

Ban san lokacin da jakata ta zame daga kafaɗata ba.

Ƙofar kantin magani. Na tsaya na tuna ta ina ya fito, ta ina nake. Hagunsa. Tsakiyar titi, daidai tagarsa. Hagunsa. Saƙon murya maimakon rubutu. Daina zuwa in rana ta yi sanyi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da nake wuni ina leƙa jinin mutane ina gano ciwon da ba su san suna da shi ba, na kasa ganin na mutumin da yake zama a falonmu.

Kawu ya dube ni, ya dubi ribom ɗin da ke wuyan giya, ya sake dubana. Sau biyu kawai ya taɓa ganin motar a ƙofar gidanmu, amma na ga lokacin da ya gane. Ya cire hularsa ya mayar. "Subhanallahi. Yaron nan ne?"

Na gyaɗa kai.

Dillalin ya rage fara'a. Ya ce, "Ni dai ban san komai ba, Hajiya. Abokin mai ita ne ya tuƙo ta ranar da aka kawo. Shi mai motar ya ce kada in cire wancan ƙyallen, wanda ya saya ya cire da kansa. Kuma kullum wajen ƙarfe huɗu sai ya zo a tasi, ya zauna a ciki ya tayar ya saurara, ya kashe ya tafi. Na ma gaji da ba shi makulli." Ya duba agogonsa. "Akwai wani yaro mai son ta, ya ce gobe zai zo da kuɗi, tsere yake yi da su. In kina so yau ne."

Ina jin haka na ce Kawu mu tafi. Wallahi guduwa na so yi. Kawu ya ce, "Ba inda za mu." Ya je ya zauna a benci ya harɗe ƙafa.

Huɗu da 'yan mintuna tasi ta tsaya a bakin fili. Mai Jar Mota ya fito. Farar riga mai dogon hannu, wadda na sani, amma ta yi masa yawa yanzu. Baƙin tabarau. Yana tafiya ya ɗan karkata kansa, yana taka tsakuwar a hankali. Ina tsaye a jikin wata farar mota, kan hanyarsa, da jan mayafina da duk turarena.

Ya zo ya wuce ni. Kusan kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Ya yi taku biyu ya tsaya cak, ina jin turaren ne ya kai masa. Bai juyo ba. Ni ce na bi ta bayansa, na zagayo ta damarsa na tsaya.

"Direba."

Ya daɗe yana kallona. "Auta. Me kike yi a nan?"

"Mota na zo saye."

"Wacce?"

Na kalli jar motar. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya juya wajen dillalin. "Malam, kowa ya zo ka sayar masa. Ban da ita."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" Haushi nake ji, ban san ko na wa ba. "Wata huɗu! Ka bar ni ina zaginka a zuciyata safe da yamma!"

"Da farko ban yarda ba ne. Na ce gajiya ce, zanen ne ya yi yawa. Ranar da likita ya gama min bayani, na fito na zauna na yi miki saƙo, minti shida ina magana." Ya zaro wayarsa, rubutun fuskarta manya-manya kamar na allon makaranta, ya miƙo min. "Ga shi nan. Bai taɓa shiga ba."

Na gani. Saƙon murya, da alama guda ɗaya tilo a gefensa. Kwanan watan kuwa, washegarin ranar da na toshe shi ne. A ƙasansa akwai wasu, sun fi ashirin, duk alama ɗaya. Na ƙarshen na shekaranjiya ne.

"Na zo gida aka ce ba kya nan, alhali ina ganin takalminki a ƙofa," ya ce. "Sai na ce wataƙila Allah ne ya kawo miki sauƙi. Jijiyar ce take mutuwa, Auta. Na hagun ya gama. Na daman suna ƙoƙari, allura duk wata, amma ba wanda ya yi min alkawari. Na ajiye aikin zane. Na ji an ce akwai mai zuwa wajenki, mutumin kirki. Ki riƙe shi."

Nan kukan ya ƙwace min, a gaban dillali, a gaban Kawu, kwallin da na ɓata lokaci ina zizarawa yana bin kumatuna. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na zo da kwalliya don in ƙona zuciyar mutumin da yake zuwa a tasi ya saurari injin motarsa.

Wayata ta hau ruri a jaka. Umma. Biyar saura kwata. Na bar ta ta katse.

Na juya wajen benci. "Kawu, in saya?"

"Ni inji aka ce in duba, na duba," ya ce. "Zai kai ki shekara goma in kin riƙe shi. Sauran ba aikin bakanike ba ne. Amma ki sani ba ta da taushi, duk ramin da kika faɗa sai kin ji shi a bayanki. Kuma uwarki ba za ta ji daɗin shigarta ba."

Na share fuskata da gefen mayafi, na miƙa wa dillalin hannu. "Ba ni makullin. Ka rubuta takarda da sunana."

Dillalin ya kalli mai motar. Shi kuma ya ce, "Na ce ban da ita."

"Ka kawo ta kasuwa, na zo da kuɗina. Ko gobe ka ga ɗan tsere ya nannaɗe ta a jikin turken fitila?"

"Ba na son tausayi."

"Ni ma ba shi na kawo ba. Mugunta ce ta kawo ni, in kana son gaskiya."

Dillalin ya zare makullin daga yatsansa ya sa min a tafi, ya ja baya. Na buɗe ƙofar direba na zauna. Kujerar tana can baya daidai tsawonsa, na jawo ta gaba. Hankicin yana nan a aljihun ƙofa. Na taka kuloci a hankali, yadda ya koya min, na murɗa. Ta tashi. Na miƙa hannu na tura ƙofar fasinja ta buɗe.

"Shigo in kai ka gida."

Ya zagayo ya tsaya a bakin ƙofar, ya dafa rufin motar. Ya sunkuyo ya kalli kujerar da bai taɓa zama a kanta ba sai ranakun da yake koya min, sannan ya ce, a hankali yadda Kawu ba zai ji ba, "Kin lura kuwa? In na zauna a nan, kina haguna. Duk tafiyar da za mu yi, ba zan gan ki ba."

"To ka riƙa juyowa," na ce.

Wayar ta sake ɗaukar ruri a kan cinyata. Saƙon Yaya ya faɗo a saman kiran: "Manaja ya iso tun ɗazu, yana falo. Umma ta ce me za a ce masa?"

Injin yana kaɗawa a ƙarƙashina, ƙofar tana buɗe. Shi kuwa hannunsa na kan rufin, ƙafarsa ɗaya a kan tsakuwa, ɗayar ya ɗaga ta bai sa a ciki ba, bai kuma mayar ƙasa ba.